Rumbun Marayu da Hassadar Ƙaura Barau

A shekarar da damina ta yi wa Birnin Dargaza rowa karo na biyu a jere, Sarki Tunau ɗan Shekarau ya tara majalisarsa a ranar da ba ta zaman fada ba. Fatake sun daina bin hanyar birnin tun da Rugumawa, maƙwabtansu na arewa, suka fara tare ayari, saboda haka kuɗin fito ya ƙafe, gandun sarki kuma bai ba da abin kirki ba. Duk wanda ya shigo zauren ya san abin da ya sa aka kira shi, kuma kowa na fatan wuƙar ta sauka a kan rabon wani.

Galadima, wanda ya fi kowa shekaru a majalisar, shi aka fara ba magana. Ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na zaga taskar fada da rumbunan gandu. Abin da ke ciki ba zai kai mu kaka ba in muka ci gaba da ci irin na da. Ko dai mu rage da hannunmu yanzu, ko yunwa ta zo ta rage mana, ita kuwa ba ta san mai rawani ba."

Sarki ya ce, "Daga gidana za a fara."

Nan ya shiga yankewa, Galadima na maimaitawa da ƙarfi don kowa ya ji. Yankan da ake yi kullum a fada ya koma na Juma'a kaɗai. Ginin sabon soro ya tsaya. Rigunan da ake raba wa hakimai da salla babu su bana, goron fada ma sai na baƙi. Dawakin da ba na yaƙi ba a kai su fadama su yi kiwo, a daina zuba musu dawa. Makaɗa da maroƙan gidajen sarauta kuwa, wanda ke son a kaɗa masa ya ciyar da nasa daga rumbunsa.

Ƙaura Barau, shugaban mayaƙan ƙasar, yana zaune a hannun daman sarki, fuskarsa ba yabo ba fallasa. An taɓa dawakinsa, an taɓa makaɗansa, an taɓa shanun da ake ba gidansa duk shekara, bai ce uffan ba. Ba haƙuri ne ya rufe masa baki ba. Jira yake ya ji abin da za a yanke wa Ajiya Nomau.

Shi Ajiya, ban da taskar fada, a hannunsa Rumbun Marayu yake. Kakan sarki ne ya kafa wannan rumbu. Duk ranar Alhamis ake buɗe shi, a auna gero ga matan da mazansu suka faɗi a yaƙi da 'ya'yansu, da makafi, da kutare, da tsofaffin da ba su da kowa. Akwai babba a birni, akwai ƙanana a manyan garuruwa. Barau da Nomau tare suka tashi a gidan sarauta, suna yaran Tunau tun yana ɗan sarki, akushi ɗaya suke sa hannu. Barau ya girma ya zama mai tabon mashi a kafaɗa da haƙarƙari, Nomau kuwa bai taɓa zare takobi ba. Amma in su biyun suka ratsa kasuwa, Barau ake kauce wa, Nomau ake bi da addu'a. Ni dai ban ga laifin Nomau a nan ba, sai dai in taushin murya laifi ne. Barau kam ya ga laifinsa, kuma abin ya daɗe yana cin sa.

Galadima ya kai ƙarshe. Ba a ambaci rumbun ba.

Ƙaura ya ɗaga kai. "Zaki, ko an manta da wani gida?"

"Ba a manta ba, Ƙaura. Rumbun Marayu yana nan yadda yake, ba za a rage ko tafin hannu ba."

Ƙaura ya faɗi ya yi gaisuwa, sannan ya miƙe zaune. "Ranka ya daɗe, ban ƙi ragin da aka yi mini ba. Bawanka ne ni, in ka ce in hau jaki in tari Rugumawa, zan hau. Amma ƙasa da doki ake tsare ta, ba da makaho ba. An hana dokin da zai mutu a bakin iyaka dawa, an bar wa wanda ba ya iya ɗaga sanda. In an ce kowa ya ɗanɗana, to kowa ya ɗanɗana. A raba mudun Alhamis biyu, rabi ya koma barga har kaka."

Wasu hakimai suka gyaɗa kai, don su ma an taɓa su inda ke musu ciwo. Sarki ya dubi Ajiya.

Ajiya ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wanda aka rage wa riga yana da wata a adaka. Wanda aka rage wa makaɗi zai kwana ba kiɗa, ya tashi lafiya. Matar da ke zuwa ranar Alhamis, wannan mudun shi ne tukunyarta daga Alhamis zuwa Alhamis. In an raba shi biyu, ba ragi aka yi mata ba, kabari aka fara haƙa wa ƙaraminta. Kuma mijinta a bayan tutar Ƙaura ya faɗi."

Ƙaura ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ajiya ya iya magana. Ai dole ya kare rumbun. Hatsi na sarki ne, jinin da ya mai da su marayu na mutanena ne, albarkar kuwa ta Ajiya ce shi kaɗai. Wa zai so a rage masa irin wannan gona?"

Ajiya ya sunkuyar da kai, wannan kuwa ya fi zagi ƙona wa Barau rai.

Sarki ya ce, "Na ji ku duka. Kakana ya yi wa dakarunsa alkawari cewa wanda ya faɗi, iyalinsa ba za su yi bara ba. A kan wannan alkawari talaka ke barin gonarsa ya ɗauki baka. In na karya shi a shekarar yunwa, to dama ba alkawari ba ne. Ƙaura, dawakin yaƙi za su ci daga rabon gidana. Rumbu kuwa na rufe maganarsa."

Aka yi addu'a aka watse.

Ranar Alhamis da ta biyo, Ƙaura ya fito za shi fada. Ya sallami yawancin makaɗansa, ba don ba zai iya ciyar da su ba, sai don gari ya ga abin da aka yi masa. Gari kuwa bai lura ba. Hanyarsa ta bi ta gaban rumbun, ya tarar da mata cike da fili, kowace da ƙwaryarta. Labarin majalisa ya riga ya fita, an ce Ajiya ne ya tsaya musu a gaban sarki. Wata tsohuwa ta kama gefen rigar Ajiya tana shafa wa fuskarta. Makafi sun haɗa baki suna waƙa da sunansa. Ƙaura ya ja linzami ya tsaya, yana jiran a juyo a gaishe shi. 'Yan kaɗan suka russuna a gurguje, suka koma ga layinsu don kada a wuce su.

Wallahi da mashi aka soka masa a ranar nan, da ya fi masa sauƙi. Hassada ce tsagwaronta ta kama shi, ya kuma san ita ce, bai yi ƙoƙarin korar ta ba. Ya ce a ransa sai ya ga ranar da matan nan za su zo da ƙwarya su koma da ita wayam, su zagi Nomau da bakin da suka yabe shi.

Ba a jima ba manzo ya iso daga arewa, dokinsa na kumfa. Aka shigar da shi gaban sarki, ya faɗi ya ce, "Zaki, Rugumawa sun ƙetare gulbi. Sun ƙone ƙauyukan bakin iyaka, sun kore shanu. Sarkin yaƙinsu ya rantse zai sha furar salla a Kukar Bako."

Kukar Bako babban gari ne mai ganuwa, shi ne ƙofar ƙasar ta arewa. Sarki ya sa aka buga tambari, ya ba Ƙaura tuta. Da aka zo maganar guzurin runduna, Ƙaura ya ga ƙofa ta buɗe masa.

"Ranka ya daɗe, yanzu kam ba maganar makaɗa ake ba. Runduna ba ta tafiya da ciki wayam. A ara mana Rumbun Marayu, in mun dawo da ganima a mayar."

Sarki ya ce, "In ba ku dawo da ita ba fa? Guzuri zai fito daga gidajenmu, mu masu rawani. Kowa ya buɗe rumbunsa, ni ne na farko, kai ne na biyu."

Kowa ya buɗe, har Ajiya, wanda ya kwashe na gidansa kakaf, gari ya sake ɗaukar zancensa. Ƙaura ya aika da 'yan buhuna na ganin ido, ya toshe sauran rumbunansa da laka. So yake guzuri ya gaza a hanya, ya nuna wa sarki cewa shawarar Nomau ce ta jefa runduna cikin yunwa.

Ranar fita, tun ba a bar ƙofar birni ba, fatar gangar yaƙi ta tsage a bugun farko. Liman ya matso ya ce, "Ƙaura, wannan ba alamar alheri ba ce. A dakata a yi sadaka." Ƙaura ya ce sadaka ai an bar wa Ajiya, ya kuma faɗa wa na kusa da shi cewa ya san wanda ya sa aka yi wa gangarsa asiri. Aka ɗaura wata fata aka kama hanya.

Guzuri ya gaza kamar yadda ya shirya. Da rundunar ta sauka a fadamar da ke gaban Kukar Bako, buhuna sun kusa ƙarewa. Ƙaura ya shiga garin da barorin gidansa, ya nufi ƙaramin Rumbun Marayu na can. Tsohon da ke tsaronsa ya tare ƙofa ya ce ba a buɗewa sai Alhamis, kuma sai da yawun Ajiya. Jin sunan nan ya ƙarasa abin da ya rage na haƙurinsa. Ƙaura ya ce umarnin sarki ne, ya sa aka ɗauke tsohon gefe, aka fasa rumbun aka kwashe. Ya yi dabara, a ganinsa. Ya sa aka juye geron a buhunan guzuri, bayin gidansa suka surfa suka daka, aka dama fura aka raba wa runduna da azahar, ba wanda aka gaya wa daga inda ta fito.

Abin da Ƙaura bai sani ba, don bai taɓa cin geron sadaka ba tun da uwarsa ta haife shi, shi ne yadda ake ajiye shi. Geron rumbun yakan shekara biyu ko uku, saboda haka ana shimfiɗa ganyen ɗaɗɗoya tsakanin dami da dami don ƙwari, ƙamshin kuwa yana kama ƙwayar, surfe ba ya fitar da shi. 'Yan bakan Dargaza kuma yawancinsu 'ya'yan waɗanda suka faɗi a yaƙe-yaƙen baya ne. Da wannan geron aka yaye su.

Gwanki, Sarkin Baka, shi ya fara kai ludayi baki. Ya tsaya da furar a bakinsa, ya dubi na kusa da shi, ya ga shi ma ya tsaya. Kafin a jima ƙoruna sun sauka ƙasa daga wannan gefen sansani zuwa wancan. Ba wanda ya yi ihu. Wani ƙato daga cikinsu ya juya baya yana share ido.

Gwanki ya tashi ya tafi rumfar Ƙaura, mutanensa na biye. Ya russuna yadda ya kamata, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, furar nan ta gidan uwata ce. Daga ina ta zo sansani?"

"Guzurin sarki ne. Ku sha ku yi shiri, Rugumawa na bayan tudun can."

"Ranka ya daɗe, sarki da bakinsa ya ce ya rufe maganar rumbu. Mun ji a birni kafin mu fito. Ko ya buɗe ta bayanmu?"

Ƙaura ya miƙe. "Kai, ni kake tuhuma? Ajiya ne ya aiko ka?"

Gwanki ya ce, "Ba wanda ya aiko ni. Ni dai na san in na faɗi gobe, matata za ta zo Alhamis da ƙwarya. In yau na shanye na matar wani, gobe wani zai shanye na tawa. Ba mu ƙi yaƙi ba, ranka ya daɗe. Za mu mai da abin da ya rage inda aka ɗebo shi, mu hau ganuwar Kukar Bako mu tsare ta. In kana so, ka shigo da dawaki mu jira su tare."

Shawara ce mai kyau, ko Galadima ba zai ba da wadda ta fi ta ba. Amma Barau bai ji shawara a ciki ba. Abin da ya ji shi ne, har a sansaninsa, a ƙarƙashin tutarsa, Nomau ya fi shi mutane. Ya tsaya yana kallo 'yan baka suka ɗora buhunan a ka, suka yi layi zuwa gari da yunwarsu. Jarumawansa suka roƙe shi ya bi su. Ya ce shi ba zai laɓe a bayan katanga yana gadin geron Ajiya ba, zai nuna wa Dargaza wanda ke tsare ta.

Da la'asar ya hau da dawaki kaɗai. Rugumawa sun san aikinsu. Sun jera masu garkuwa a bakin wani kwazazzabo, maharbansu na kwance a bayansu cikin sabara. A al'ada 'yan baka ke fara yi musu ruwan kibau su tashe su, sannan doki ya shiga. Yau babu mai tashin su. Ƙaura ya ɗaga mashi ya yi sukuwa, jarumawa suka bi shi, kuma ba za a ce bai yi jarunta ba, don shi ya fara fasa layin garkuwa, ya kashe mai tutarsu da hannunsa. Amma kibau suka taso daga dama da hagu. Dawakin gaba suka zube, na baya suka hau kansu, kwazazzabon ya cika da doki da mutum. Aka harbe dokin Ƙaura a wuya, ya faɗi da shi, ƙafarsa ta karye a ƙarƙashinsa. Barorinsa suka ja shi da ƙyar suka ɗora a wani dokin.

Rugumawa suka biyo su har gindin ganuwa, a nan suka gamu da Gwanki. 'Yan baka suka bari sai da aka shigar da na ƙarshen masu gudu, sannan suka saki kibau. Rugumawa suka gwada ƙofa suka kasa, suka sake gwadawa suka bar gawawwaki, suka juya da shanu da dawakin da suka kama suka ƙetare gulbi. Gari ya tsira, amma mafi yawan jarumawan Dargaza ba su dawo ba.

A kan amuku, gadon ɗaukar majinyaci, aka shigar da Ƙaura birni. Ranar shari'a fada ta cika har waje. Tsohon mai tsaron rumbu ya faɗi abin da ya gani, Gwanki ya faɗi nasa, aka kuma fasa rumbunan gidan Ƙaura aka same su cike.

Sarki ya ce, "Barau." Bai ce Ƙaura ba, kowa kuma ya lura. "Ka yi ƙarya da sunana. Ka fasa abin da na rufe. Ka ɓoye hatsi runduna na yunwa, ka kai mazaje kwazazzabo don zuciyarka. Matan da za su zo rumbu yanzu sun ninka na da, kai ka ƙaro su. Gonakinka da rumbunanka sun koma Rumbun Marayu. Kai kuma, hukuncin wanda ya yi ƙarya da sunan sarki a fagen yaƙi, ka san shi."

Barau ya ce, "Na sani, Zaki. A yi."

Ya faɗe ta da ƙarfi, har da ɗan sauƙi a ransa. In Ƙaura zai mutu da takobin sarki, ana buga masa tambari, a binne shi da sulkensa. Wannan aƙalla nasa ne, Nomau ba shi da rabo a ciki.

Sai Ajiya ya taso daga wurinsa, ya zo gaban sarki ya kwanta rub da ciki, ya tuɓe rawaninsa ya ajiye.

"Allah ya ja zamaninka, ban taɓa roƙon komai don kaina ba. Yau ina roƙo. Akushi ɗaya muka ci da shi a gidan mahaifinka. Ya tsare ƙasar nan tun ba mu da furfura. Gidansa akwai mata da 'ya'ya, kada a ƙara mini su a layin Alhamis. Ka ba ni ransa."

Barau ya yunƙura daga kan amukun, ciwon ƙafa ya mai da shi. "Zaki, kada ka saurare shi. Na roƙe ka da kabarin mahaifinka, ka ba ni takobi. Ban roƙi wannan mutumin komai ba."

Sarki ya dube su su biyun. Sannan ya ce, "Ajiya, ɗauki rawaninka. Na ba ka shi."

Fada ta ɗauki kabbara da addu'a. Ana cikin haka aka buɗa wa wata tsohuwa hanya, tana dogara sanda. Tabawa ce, mahaifiyar Barau, wadda ba ta taɓa taka fada ba tun da aka naɗa ɗanta. Barau ya miƙa mata hannu. Ta wuce shi ba ta ko duba ba, ta durƙusa a gaban Nomau, ta kama ƙafafunsa da hannu biyu tana kuka.

"Ɗana," ta ce wa Nomau, "Allah ya yi maka albarka. Na haifi ɗaya, amma kai ne ka ji ƙan tsufana."

Barau ya sauke hannunsa a hankali. Dogarai suka zo suka kwance masa rawanin Ƙaura, bai ko motsa ba, idonsa na kan bayan uwarsa.